Ɗaki guda, masu koyo iri-iri: horon ma'aikatan lafiya a ƙasar Kurfai

Filinge, babban garin Kurfai, tana cikin Dallol Boso, wajen kilomita 180 daga Yamai. Ran Lahadi, ranar kasuwa, Hausawa da Zabarmawa da Buzaye da Fulani su kan cika garin, masu ciwo kuwa su kan biya likita kafin su koma ƙauye. Ma'aikata kaɗan ne, jama'a da yawa. A irin wannan wuri babu halin a ware wa kowane mai koyo malaminsa.

Nijar ta daɗe da sanin haka. Tun shekarun 1960 aka fara horar da ƴan agajin ƙauye da ungozomai, majo ya na koya musu a inda ya ke duba marasa lafiya. A 1974 Jami'ar Yamai ta buɗe makarantar lokotoro, kana taron Alma-Ata na 1978 ya ƙarfafa manufar kai lafiya karkara. Ke nan mai sati biyu da mai shekara shida a karatu su na iya haɗuwa a kan majinyaci guda.

Ga misalin yaron da aka kawo da zazzaɓi cikin damina. Mai koyon jinya ya auna zafin jikinsa da damtsensa. Ɗalibin lokotoro ya tambayi uwa, ya saurari ƙirji. Sabon lokotoro ya yanke shawara, ko a ba shi maganin cizon sauro ya tafi, ko a kwantar da shi. Babba ya saurara, ya gyara. Wanda ya bayyana wa na ƙasa da shi, karatunsa ya ƙara zama. Ɗan makaranta ya san littafi, amma ungozoma ce ta san dalilin da ya hana uwar zuwa tun shekaranjiya.

Duk da haka akwai wuya. Ƙarami ya kan yi shiru don kunya, na gaba ya kan ƙosa da maimaici, uwa kuma ta kan takura idan mutum biyar sun kewaye ta. Saboda haka wajibi ne a nemi yardarta tukuna, a fara bai wa ƙarami magana, a ajiye gyaran kuskure sai bayan ta fita. Idan babba ya kunyata ƙarami a gaban jama'a, gobe ƙaramin zai ga alamar haɗari ya haɗiye, yaron ne zai cutu.

Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Lafiyar Kurfayawa ma haka ta ke.