Tsire-tsiren Ahaggar da Dabbobinsa

Idan mota ta tashi daga Agadas, ta bi ta Arlit da Asamaka, sai ta ƙetare iyaka ta shiga ƙasar Aljeriya. Babban garin da ke gabanta shi ne Tamanrasset. A garin nan akwai wata shahararriyar kasuwa mai suna Assihar. Da harshen Abzinawan wurin, ma'anar sunan ita ce haɗuwa. Shekara da shekaru fataken Nijar da na Mali da na Aljeriya suna haɗuwa a cikinta. Waɗansu su kawo lalle da kayan yaji, waɗansu su kawo dabino. Wanda ya shiga kasuwar zai ji Larabci, ya ji Tamashek, ya ji Hausa.

Ban da waɗannan kaya, ana saida busassun ganyayen daji masu ƙanshi, dangin tazargade da nobe. Ana zuba waɗansu cikin shayi, ana yin magani da waɗansu. Yawancinsu ba a noma su a gona. Daga duwatsun da ke kewaye da garin ake tsinko su. Sunan duwatsun nan Ahaggar.

Yaya tsiro yake rayuwa a can?

Ahaggar yana tsakiyar hamadar Sahara. Dutsensa mafi tsawo, Tahat, ya kusa kai mita 3000. Da rana zafi, da dare sanyi. Lokacin ɗari har ruwa yakan daskare a bisa duwatsu. Ruwan sama da ke sauka a Tamanrasset cikin shekara bai wuce kamar milimita 50 ba. Na Maraɗi ya ninka shi wajen sau goma.

Duk da haka tsire-tsire suna nan. Kowane da dabararsa.

Ƙananan ciyayi suna jira ne. Irinsu yakan kwanta cikin ƙasa shekaru, bai mutu ba. Ran da aka yi ruwa, sai ya tsiro da sauri, ya yi fure, ya zubar da sabon iri cikin ƴan makonni, ya bushe.

Itatuwa kuwa, irin su kandili da aduwa, a cikin kwari suke tsayawa, inda ruwa ke bi idan an yi sama. Saiwarsu tana nitsawa ƙasa ƙwarai don ta tarar da laima. Ganyen kandili ƙanana ne, saboda haka rana ba ta shanye ruwan jikinsa da yawa. Ƙayarsa kuma tana rage masa ɓarnar dabbobi.

Zaitun na dutse

Can bisa duwatsu, cikin tsagar fa, akwai wani itace da ba a samunsa ko'ina. Ɗan'uwan zaitun ne, amma ganyensa siriri, ƴaƴansa ƙanana. Masana sun rubuta bayaninsa a 1911, suka sa masa suna zaitun na Laperrine. Ana samunsa a Ahaggar, da duwatsun Abzin na ƙasar Nijar, da dutsen Marra na Sudan.

Me ya kai zaitun tsakiyar hamada? Shekaru dubbai da suka wuce, Sahara ba hamada ba ce. Akwai tafkuna, da ciyawa, da namun daji. Mutanen wancan zamani sun bar mana shaida: sun zana shanu da raƙuman dawa a jikin duwatsu, kamar zanen Dabus da ke arewa da Agadas. Wajen shekara 5000 da suka wuce, ruwa ya ja baya, ƙasa ta bushe. Itatuwan fili suka mutu. Waɗanda ke bisa duwatsu, inda ake da ɗan sanyi da laima, su ne suka saura.

Masu bincike sun lura da wani abu mai ban tsoro. Da wuya a ga ƙaramin zaitun da ya tsiro daga iri. Tsofaffin ne ke fitar da sababbin rassa daga gindinsu, suna ta rayuwa ɗaruruwan shekaru. Idan raƙuma da awaki suka yawaita cin ganyensu, ba su samun yin fure. Idan aka sare ɗaya har gindi, babu na baya da zai maye gurbinsa.

Kowa da amfaninsa

A hamada, rayuwar wani tana rataye da ta wani. Ga misali daga Abzin. Akwai wata ciyawa mai yin dunƙule, wadda Abzinawa ke kira afazo. Masu bincike sun gano cewa ɗan kandilin da ya tsiro a tsakiyar afazo ya fi tsira, domin ciyawar tana ɓoye shi daga bakin awaki har ya yi ƙarfi. Afazo ta zama kamar uwar goyo.

Idan kandili ya girma, barewa takan ci ganyensa da ƴaƴansa, ta huta a inuwarsa. Irin da ta haɗiye yakan fita cikin kashinta a wani wuri, ya tsiro. Barewa da ragon dutse kuma su ne abincin rabbi.

Rabbi dabba ce mai kama da damisa, amma ya fi ta sirantaka, kuma babu dabbar da ta kai shi gudu a ƙasa. Mutanen Ahaggar suna ce masa amayas. Irin wanda ke zaune a Sahara da yammacin Afirka ya kusa ƙarewa. A 2008 masana sun ƙiyasta cewa manyan da suka rage ba su kai 250 ba.

To, ku duba: in aka tumɓuke afazo, kandili zai ragu. In kandili ya ragu, barewa za ta ƙaura. In babu barewa, rabbi zai mutu da yunwa, ko ya faɗa wa dabbobin makiyaya.

Aikin masu bincike

Kafin a kare abu, sai an san shi. Masanin tsire-tsire yakan yi tafiya da ƴan ƙasa, domin su suka san hanya, suka san sunan kowane haki da amfaninsa. Yakan ɗebi reshe guda, ya danne shi tsakanin takardu har ya bushe, ya rubuta wuri da rana. Haka wani masani Bafaranshe, René Maire, ya yi a Ahaggar a 1928.

Dabbobi kuwa ba su tsayawa a ƙidaya su. Daga 2008, wani masani ɗan Aljeriya, Farid Belbachir, da abokan aikinsa suka girka na'urorin ɗaukar hoto a cikin daji. Duk dabbar da ta gifta, na'urar za ta ɗauke ta da kanta. Da haka aka samu hotunan rabbin Ahaggar. Tun da zanen jikin kowane dabam yake, ana iya gane su ɗaya bayan ɗaya.

Hukumomi ma sun ɗauki mataki. Aljeriya ta keɓe Ahaggar a 1987. Nijar ta keɓe gandun Abzin da Tenere a 1988. Amma doka kaɗai ba ta isa ba. Sai mai tsinkar ganye ya yanki reshe ya bar saiwa. Sai mai neman itacen wuta ya ɗebi busasshe ya bar ɗanye. Sai mai saye a kasuwa ya ƙi sayen fatar dabbar da aka hana farauta.

Mu riƙe

Tsiron hamada yana jinkirin girma. Abin da gatari ya sare a yini ɗaya, shekaru da yawa ba su mayar da shi.

Tambayoyi

1. A wace ƙasa kasuwar Assihar take?
2. Faɗi dabara biyu da tsire-tsire ke yi don su jure fari.
3. Don me ake tsoron ƙarewar zaitun na dutse?
4. Yaya afazo take taimakon kandili?

Aiki

Ku tambayi iyayenku sunayen itatuwa uku da suka yi ƙaranci a garinku. Ku ɗebo ganye guda na wani itace, ku busar da shi tsakanin takardu, ku rubuta sunansa da wurin da kuka samo shi, ku kawo wa malam.