TSOFAFFIN HOTUNA SUN ZAMA DUKIYA A KASUWAR GWANJO

A cikin watan Mayu na 2022 aka yi wani gwanjo a kamfanin Christie's da ke birnin New York a Amurka, inda aka sayar da hoto guda ɗaya tak a kan dala miliyan 12.4. Hoton baƙi da fari ne, wanda wani Ba'amurke mai suna Man Ray ya ɗauka a Faris tun 1924. Wata shida bayan haka kuma wani hoto na Edward Steichen, na wani dogon gini a New York, ya tashi a kan dala miliyan 11.8 a wannan kamfani.

Mai karatu a Bauchi zai iya cewa wannan sha'anin Turawa ne da masu kuɗinsu. Amma tuni wannan kasuwa ta juyo Afirka ta Yamma, kuma irin kayan da take nema suna nan jibge cikin adakoki da akwatunan ƙarfe a gidaje da yawa, daga Ƙofar Wunti har Ƙofar Ran, gara tana ci ba wanda ya kula.

Labarin Seydou Keita na Bamako ya isa misali. Wannan mutum ya buɗe ɗakin ɗaukar hoto a 1948, yana ɗaukar mutanen gari cikin kayan adonsu, wani riƙe da rediyo, wani jingine da babur. A 1991 aka baje wasu hotunansa a New York, ba a ko rubuta sunansa ba, sai dai aka ce ba a san mai aikin ba. Ganin haka ya sa wani attajiri mai tara kayan fasaha, Jean Pigozzi, ya tura André Magnin zuwa Mali neman mai su. Da aka same shi, sai aka tarar ya adana dubban finafinan da ya ɗauki hotunan a kansu. Kafin rasuwarsa a 2001 ana sayar da hotunansa da dubban daloli, a 2016 kuma aka yi masa gagarumin baje koli a Grand Palais na Faris. Ɗan ƙasarsu Malick Sidibé shi ma ya sami babbar lambar girma ta bikin fasaha na Venis a 2007.

Nijeriya ba a bar ta baya ba. J.D. 'Okhai Ojeikere ya fara ɗaukar hotunan kitson mata a 1968, har ya tara wajen dubu guda, aka kuma nuna su a Venis a 2013, shekara ɗaya kafin ya rasu. Kamfanin Arthouse ya fara gwanjon kayan fasaha a Ikko a 2008, shi kuwa Sotheby's na Landan ya ware wa fasahar Afirka ta zamani gwanjonta na musamman a 2017.

To, me ke sa hoto ya yi tsada? Masu saye suna duban abu huɗu. Na farko, wa ya ɗauka; shi ya sa hatimin mai hoto da ke bayan takarda yake da daraja. Na biyu, yaushe aka wanke shi, domin wanda mai hoton ya wanke da hannunsa a lokacin da ya ɗauka ya fi wanda aka sake wankewa bayan shekaru nesa ba kusa ba. Na uku, guda nawa suka rage a duniya. Na huɗu, hannun wa da wa ya bi kafin ya zo kasuwa, watau asalinsa, don kada a sayi na sata ko na jabu. In an cika waɗannan, sai a buga hoton cikin littafin gwanjo da ƙiyasin kuɗinsa, a yi ta tayi, wasu a zaure wasu ta waya, har mai gwanjo ya buga guduma. Bayan wannan mai saye zai biya kamfani lada a kan abin da ya taya, mai kaya ma a cire nasa kamasho.

Garin Bauchi kuwa yana da abin ɗauka tun da kyamara ta shigo. Turawa sun ci garin a 1902. A nan Sir Abubakar Tafawa Balewa ya yi aikin malanta kafin ya zama Firayim Minista, a nan kuma aka binne shi a 1966, aka buɗe ginin kabarinsa a 1979. Sarkin Bauchi Adamu Jumba ya yi mulki daga 1955 zuwa 1982, aka kuma ƙirƙiro Jihar Bauchi a 1976. Duk waɗannan shekaru an yi hawan salla, an yi naɗin sarauta, an yi tarurrukan NPC da NEPU, an raka alhazai, an kai amare, masu hoto kuma suna biye. Gani ya kori ji. Hoto guda na kasuwa ko na ganuwa kafin a faɗaɗa hanya yakan nuna wa masu binciken tarihi abin da takardun ofis ba su rubuta ba.

Haɗarin da ke fuskantar waɗannan hotuna iri biyu ne. Na farko lalacewa: danshin damina yana liƙe su da juna, rana tana koɗar da su, gara da kyankyaso suna cinye su. Idan mai hoto ya rasu, sau da yawa magada sukan zubar da finafinansa don suna ganin tarkace ne, musamman yanzu da kowa ke ɗauka da wayar hannu. Na biyu sayarwa cikin rashin sani, a karɓi ɗan abin cefane a kan kayan da za su je wata ƙasa su yi daraja. Dokar Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta 1979 ta hana fita da kayan tarihi ba da izni ba, amma ta fi ƙarfi a kan abin da aka yi kafin 1918, alhali yawancin hotunan gidajenmu bayan wannan shekara aka ɗauke su.

Saboda haka rigakafi yana hannun masu gida. A ajiye hoto a wuri busasshe mai duhu, nesa da ƙasa. Kada a manna shi da gam, kada kuma a kai a rufe shi da leda mai zafi, domin wannan yana kashe darajarsa gaba ɗaya. A tambayi tsofaffi tun suna raye, a rubuta sunayen mutanen da ke ciki da wuri da shekara da fensir a bayansa. Wanda ya ga lalle sai ya sayar, to, ya fara neman shawarar masana, ya kuma kwafi hoton ya bar wa iyalinsa, ya ba gidan tarihi ko Gidan Arewa na Kaduna, wanda aka kafa a 1970 don irin wannan aiki. In ba a yi haka ba, wata rana jikokin Bauchi sai sun nemi biza kafin su ga fuskokin kakanninsu.