Kyautar da ta dace da sabon gida

Kun san cewa da zarar an gama girbin hatsi, hidimomi sukan yawaita a ƙasar Adar. Wannan ya aurar da ɗiyarsa za ta tare. Wancan ya dawo daga cin rani a Abijan ko Libiya, ya gina ɗaki biyu. Ga malamin makaranta da aka tura aiki wani ƙauye. Akwai kuma waɗanda ruwa ya rushe wa gida, kamar yadda ya faru ga dubban iyalai a Nijar a daminar 2024, har da jihar Tawa. Kowannensu yakan shiga sabon wuri da buƙatu masu yawa, kuma al'adarmu ce dangi da maƙwabta su kai gudummawa, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Sai dai ba kowace gudummawa ce take rage wa mai gida nauyi ba. A yawon da nake yi na duba azuzuwan yaƙi da jahilci, na sha shiga ɗakin amarya in tarar da kwanuka jere tun daga ƙasa har rufi, amma babu randa mai marfi, babu gidan sauro. Gaskiya ne kwanuka dukiyar mace ce, takan sayar idan ta matsu. To amma waɗanda suka ga ƙarancin abinci na 2005 sun san cewa ranar da kowa ya fito da kayan ɗakinsa kasuwa, ba su da daraja. Kyautar da ta fi amfani ita ce wadda za a taɓa kowace rana.

Ku fara da tambaya

Kunya ba za ta bar amarya ko mai gida su faɗi abin da suka rasa ba. Saboda haka ku bi ta hannun gwaggo, ko babbar ƙawa, ko aminin mai gida, ku tambayi abin da aka riga aka samu da abin da ya saura. Wannan tambaya ita ke hana mutum biyar su kawo bokiti biyar, alhali babu wanda ya kawo tabarma. Bayan haka sai ku duba buƙatu huɗu na kowane gida: ruwa, girki, wurin kwana da haske.

Kayan ruwa

A ƙauyuka da yawa na Keita da Buza da arewacin Tawa, rijiya tana da zurfi, ruwa yana da nisa. Ruwan da aka sha wahala aka ɗebo bai kamata ya ƙazantu a cikin gida ba. Don haka randa ko tulu mai marfi, tare da moɗa mai dogon hannu, kyauta ce babba. Idan hannu ba ya shiga cikin randa, an rage hanyar gudawa, wadda take cikin cututtukan da suka fi kashe ƙananan yara.

Idan jarka za ku ba da, ku sayi sabuwa. Kada ku ba da wadda aka taɓa zuba fetur ko maganin feshin albasa a ciki, domin wanki ba ya raba ta da guba. Ga gidan da ke shan ruwan tabki ko na rijiya marar marfi, ku haɗa da farin ƙyalle na tacewa da ƙwayoyin tsabtace ruwa irin su Aquatabs. Ƙarfin ƙwayoyin ya bambanta, don haka a karanta a jikin takardarsu lita nawa ƙwaya ɗaya take isa, kuma a jira minti 30 kafin a sha. Buta da sabulu su ma suna cikin wannan rukuni.

Kayan girki

Gidan da ake dama fura kullum ba ya rabuwa da turmi da taɓarya, da ƙwarya da faifai da ludayi. Amaryar da ba ta da turmi takan yi ta zaryar aro a maƙwabta. Turmi mai kyau kuwa yakan yi shekaru ana daka a cikinsa.

Sai maganar murhu. Tun daga 1984 aikin raya karkara na Keita ya dasa miliyoyin itatuwa don farfaɗo da ƙasar da ta mutu, kuma dattawanmu sun san wahalar da aka sha. Murhun duwatsu uku yana barin zafi ya tsere ta kowane gefe, yana cin icce da yawa. Murhun ƙarfe da ake kira Mai Sauƙi, wanda maƙeranmu ke ƙerawa, yana tattara wuta a ƙarƙashin tukunya. Idan za ku saya, ku haɗa shi da tukunyar da ta yi daidai da bakinsa, in ba haka ba amfaninsa zai ragu. Wanda ba shi da kuɗi kuma ya iya gini, yana iya gina wa sabon gida murhun laka irin na Albarka da hannunsa. Wannan ma kyauta ce.

Ku tuna hayaƙi ba ƙaramin abu ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki na cikin gida yana jawo mutuwar mutum kimanin miliyan 3 a kowace shekara a duniya. Tun da matatar man fetur ta Damagaram ta fara aiki a 2011, tukunyar gas mai kilo 6 ta yaɗu a birane. Ta dace da mazaunin garin Tawa. Amma kada ku kai ta ƙauyen da babu wurin sake cika ta, ko ga wanda ba shi da halin cikawa, domin za ta zama kayan ado kawai.

Kayan kwana

Tabarmar kaba, irin wadda aka san ƙasar Madawa da saƙawa, tana da sauƙin kuɗi, kuma ita ce wurin zaman baƙo da wurin salla da wurin cin abinci. Bargo yana da amfani a lokacin hunturu. Amma abin da ya fi su duka shi ne gidan sauro mai magani. A watan Disamba na 2005 aka fara raba shi kyauta a faɗin Nijar, an kuma sake rabawa a wasu shekaru. Sai dai wanda ya buɗe sabon gida bayan an gama rabo yakan zauna babu. Zazzaɓin cizon sauro ya fi tsananta ga mace mai ciki da yaro ɗan ƙasa da shekara 5.

Idan kun kai gidan sauro, ku haɗa da igiya da ƙusoshi, ku kuma yi bayani. A shanya shi a inuwa kwana ɗaya kafin a fara kwana a ciki. A wanke shi da sabulu kawai, a shanya a inuwa. Maganinsa yakan kai kimanin shekara 3 ko wanki 20. Idan ya yage, a ɗinke.

Haske da takardu

Fitila mai aiki da hasken rana ba ta buƙatar kananzir ko batir na saye. Wadda take iya cajin wayar salula ta fi, domin matar da mijinta ya tafi cin rani za ta riƙa jin labarinsa, ku kuma masu koyon karatu za ku yi bita da dare. Ku gwada ta a gaban mai shago kafin ku biya.

Ƙaramin akwatin ƙarfe mai makulli shi ma yana da muhimmanci. A ciki za a adana takardar haihuwa, da katin ɗan ƙasa, da takardar fili, da littafin awo, kada gara ko ɗigar ruwa su lalata su.

Haɗa hannu, ban da cin bashi

Hausawa sun ce daidai ruwa, daidai tsaki. Bai kamata mutum ya ci bashi ko ya sayar da hatsin rumbunsa don kada a ce gudummawarsa ta yi kaɗan ba. Hanya mafi sauƙi ita ce haɗa kuɗi. Matan da ke cikin adashi ko ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda ƙungiyar CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991, sun saba da wannan.

Ga misali. Jika 1 ita ce sefa 1,000, wato dala 200. Idan mata 10 suka ba da jika 2 kowace, an tara jika 20. Maimakon ƙananan kwanuka 10, sai a wakilta mutum biyu su je kasuwar Tawa ranar Lahadi da jerin kaya a rubuce, su fara da abin da ya fi muhimmanci. A rubuta sunan kowace mace da abin da ta bayar, da farashin kowane kaya, a karanta a gaban kowa. Rubutu yana kawar da zargi, yana kuma tuna wa wadda aka yi wa alheri ranar da za ta rama.

Wanda ba shi da ko dala, yana da ƙarfinsa. Yaɓen ɗaki, ko ɗinkin darni, ko ɗebo ruwan kwanakin farko, ko dasa bedi a tsakar gida a riƙa ba shi ruwa, duk gudummawa ce. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Aikin gida

1. Ku rubuta sunayen kaya 5 da kuka taɓa da hannunku yau tun daga asuba.
2. Idan mutum 8 suka ba da dala 100 kowanne, jika nawa aka tara?
3. Wane ne a unguwarku zai shiga sabon gida bana? Ku rubuta sunan wanda za ku tambaya don sanin abin da ya rasa, ku kawo amsar aji mu tattauna.