Taken wasiƙa: layi ɗaya da ke sa a karanta ka ko a ajiye ka gefe

Wata Asabar bayan la'asar, wani dattijo maƙwabcinmu a Aboabo, nan Kumasi, ya yi sallama a ƙofar gidana riƙe da takarda. An yi kuskure wajen rubuta sunan 'yarsa a rajistar BECE, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare. Ya biya an rubuta masa koke da Turanci, ya kai ofis, sati uku shiru.

"Malam, duba mini. Ko ban gaishe su da kyau ba ne?"

Na ce, "Baba, gaisuwa kam ta isa, har ta yi yawa."

Matsalar tana can sama, a take. Abin da aka rubuta, idan aka mayar da shi Hausa, shi ne "Roƙon taimako cikin gaggawa". To, taimakon me? Kuɗin makaranta? Aiki? Ma'aikacin da takardu suka taru a gabansa ba ya bin kowace har ƙarshe. Take yake dubawa ya san teburin da zai tura ta. Wadda ba ta faɗi buƙatarta ba, sai ta kwana a ƙasan tuli.

Muka sake rubutawa: "Gyaran sunan ɗaliba a rajistar BECE", muka sa sunan makarantarta da lambarta a ƙasa. Shi ke nan.

Tun daga ranar na sauya yadda nake koyar da wasiƙar hukuma. A kwalejin horar da malamai an nuna mana inda take yake zama: bayan gaisuwa, kafin bayani. Amma sanin wurinsa daban, sanin aikinsa daban. Yanzu nakan tattara wasiƙun ɗalibaina, in rufe jikin kowace da littafi, in karanta taken kaɗai, in tambayi aji, "Me wannan yake so?" Idan suka yi shiru, mai ita ya sake.

Sharuɗɗan da muke bi ba su da yawa. Ka faɗi ainihin abin, ba halin da zuciyarka take ciki ba. Kada ka dogara da "gaggawa", don kowa gaggawarsa yake yi. In akwai ranar rufewa, rubuta ranar. Buƙata ɗaya, take ɗaya: mai neman gyaran suna da canjin makaranta ya yi wasiƙa biyu. Kuma ya zama gajere, wanda za a karanta da numfashi ɗaya.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Duk wanda ya zauna gaban malami aka buɗe Sahihul Bukhari ya san Imamu Bukhari, wanda ya rasu a shekara ta 256 bayan hijira, yakan ajiye hukuncin da ya fahimta a taken babi kafin ya kawo hadisan. Har malamai suka rubuta littattafai a kan waɗannan take kaɗai. Labarin zuciya a tambayi fuska, in ji Hausawa, kuma take shi ne fuskar takarda.

Bayan kwana tara dattijon ya dawo da goro a leda. An gyara sunan.

"Malam, ashe layi ɗaya ne ya tsare ni."

Na ce, "Baba, shi ne kuma ya buɗe maka."