Ma'aunin CAPE a kamfanonin haƙar ma'adinai

Ma'aunin CAPE, wanda kuma ake kira ma'aunin Shiller, hanya ce ta auna tsada ko arhar hannun jari. Ana samun sa ta hanyar raba farashin hannun jari na yau da matsakaicin ribar da kamfani ya samu a kan kowane hannun jari cikin shekaru goma da suka wuce, bayan an daidaita ribar kowace shekara da hauhawar farashi. An fi sanin ma'aunin wajen auna kasuwar hannayen jari baki ɗaya, musamman ta Amurka, amma masu nazarin zuba jari suna amfani da shi a kan kamfani guda idan ribarsa na hawa da sauka sosai. Kamfanonin haƙar ma'adinai suna kan gaba a wannan rukuni, domin ribarsu tana bin farashin tama, tagulla, zinariya, kwal da sauran ma'adinai a kasuwar duniya, farashin da babu wani kamfani guda da yake iya tsayar da shi.

## Tarihi

Tushen wannan hanya yana cikin littafin Security Analysis na Benjamin Graham da David Dodd, malaman Jami'ar Columbia da ke New York, wanda aka buga a 1934, 'yan shekaru bayan durƙushewar kasuwar hannayen jari ta 1929. Sun nuna cewa ribar shekara ɗaya ba ta isa a yanke hukunci a kan darajar kamfani ba, kuma sun ba da shawarar a ɗauki matsakaicin ribar shekaru biyar, bakwai ko goma.

A 1988 masana tattalin arziki John Campbell da Robert Shiller suka wallafa bincike da ya nuna cewa matsakaicin riba na dogon lokaci yana taimakawa wajen hasashen abin da masu zuba jari za su samu a shekaru masu zuwa. Shiller, farfesa a Jami'ar Yale, ya ƙara yaɗa ma'aunin a littafinsa Irrational Exuberance na shekarar 2000. A watan Disamba na 1999 ma'aunin ya kai kusan 44 a kasuwar Amurka, adadin da ya zarce na 1929, kuma kasuwar ta faɗi daga shekarar 2000. Shiller ya samu kyautar Nobel a fannin tattalin arziki a 2013 tare da Eugene Fama da Lars Peter Hansen.

## Yadda ake lissafi

Ana bin matakai huɗu:

1. A tattara ribar kowane hannun jari ta shekaru goma daga rahotannin shekara-shekara na kamfanin, har da shekarun da aka yi asara.
2. A mayar da ribar kowace shekara zuwa darajar kuɗin yau. Ana ninka ta da ma'aunin farashin kayan masarufi na yanzu, sannan a raba da ma'aunin na waccan shekarar. Misali, idan an samu dala 1 a lokacin da ma'aunin yake 200, yanzu kuma yana 260, ribar ta zama dala 1.30.
3. A haɗa ribar shekarun goma a raba da goma.
4. A raba farashin hannun jari na yau da wannan matsakaici.

Dole ne ma'aunin hauhawar farashin ya dace da kuɗin da kamfanin yake rubuta asusunsa da shi. Manyan kamfanoni irin su BHP, Rio Tinto, Glencore da Anglo American suna bayyana ribarsu da dalar Amurka, don haka ana amfani da ma'aunin Amurka, sannan a mayar da farashin hannun jarin zuwa dala idan ana cinikinsa da fam a Landan ko da dalar Ostireliya a Sidni. Ga kamfanin da yake asusu da kuɗin da darajarsa ke saurin zubewa, wannan mataki ya fi nauyi. A Najeriya, inda hauhawar farashi ta wuce kashi 30 cikin ɗari a 2024, ribar naira ta shekaru goma baya za ta zama kamar ba komai ba idan ba a daidaita ta ba.

### Misali

A ɗauka akwai wani kamfani da ribarsa a kan kowane hannun jari, bayan daidaitawa, ta kasance kamar haka da dala, daga shekara ta farko zuwa ta goma: 3, 2, 1, 0, asarar 1, 1, 2, 3, 4, 5. Jimilla 20 ke nan, matsakaici kuma 2. Idan ana sayar da hannun jarin a kan dala 40, ma'aunin da aka saba, wato farashi a raba da ribar shekarar ƙarshe, zai ba da 8, abin da ake ɗauka a matsayin arha. Ma'aunin CAPE kuwa zai ba da 20. Bambancin yana nuna cewa mai saye yana biyan farashin da zai dace ne kawai idan ribar shekara mafi kyau ta ɗore.

## Dalilin amfani da shi a haƙar ma'adinai

Buɗe mahaƙa yana ɗaukar lokaci mai tsawo. An gano babban arzikin tagulla da zinariya na Oyu Tolgoi a Mongoliya a 2001, amma sai a 2013 aka fara fitar da kaya daga can. Saboda haka idan buƙata ta ƙaru, kayan da ake haƙowa ba sa ƙaruwa nan take, sai farashi ya yi sama. Tsadar takan ja kamfanoni su zuba kuɗi a sababbin mahaƙai, waɗanda sukan fara aiki kusan lokaci guda bayan shekaru, sai kaya su yi yawa, farashi ya faɗi. Kuɗin gudanar da mahaƙa, kamar albashi, man dizal, wutar lantarki da gyaran injuna, ba ya sauka da irin wannan sauri. Don haka ƙaramin canji a farashi yakan zama babban canji a riba.

An ga wannan a zagayen da bunƙasar gine-gine da masana'antu a ƙasar Sin ta haifar. Farashin tan ɗaya na tama ya kai kusan dala 190 a watan Fabrairu na 2011, ya sauko ƙasa da dala 40 a Disamba na 2015, sannan ya haura dala 200 a Mayu na 2021. Tagulla ta wuce dala 10,000 kan tan a 2011, ta dawo ƙasa da dala 4,500 a farkon 2016. Kamfanin BHP ya ci ribar dala biliyan 23.6 a shekarar kuɗi ta 2011, ya yi asarar dala biliyan 6.4 a ta 2016. Rio Tinto ya yi asarar dala miliyan 866 a 2015, ya ci ribar dala biliyan 21.1 a 2021.

Wannan yana sa ma'aunin shekara ɗaya ya yaudari mai saye. A ƙololuwar zagaye riba tana da yawa, sai ma'aunin ya fito ƙarami, hannun jarin ya yi kama da mai arha, alhali lokacin ne haɗarin faɗuwa ya fi girma. A ƙasan zagaye kuwa riba takan ragu ko ta ɓace, sai ma'aunin ya fito babba ƙwarai ko ya rasa ma'ana, alhali farashin ya riga ya karye. Matsakaicin shekaru goma yana haɗa shekarun wadata da na ƙunci, ya ba da kimanin abin da kamfanin yake iya samu a tsawon zagaye.

## Matsaloli

Ma'aunin yana ɗauka cewa kamfanin da ya samu ribar baya shi ne zai samu ta gaba. A harkar ma'adinai wannan zato yakan karye ta hanyoyi da dama.

Ƙarewar ma'adini. Kowace mahaƙa tana da iyaka. Kowane tan da aka haƙo ya fita daga dukiyar kamfanin, kuma galibi ana fara haƙo mai inganci da sauƙin kaiwa, a bar mai wuya zuwa baya. Mahaƙar yuraniyam ta Akouta kusa da Arlit a Jamhuriyar Nijar, wadda kamfanin COMINAK ya gudanar tun shekarun 1970, an rufe ta a watan Maris na 2021 saboda ma'adininta ya ƙare. Ga kamfani mai mahaƙa ɗaya da ta kusa ƙarewa, matsakaicin ribar shekaru goma ba ya faɗin komai game da shekaru goma masu zuwa.

Canjin tsarin kamfani. A 2015 BHP ya ware wasu mahaƙansa ya kafa kamfanin South32, a 2022 kuma ya haɗe sashensa na man fetur da Woodside. Glencore ya haɗe da Xstrata a 2013. Ribar da aka samu kafin irin waɗannan sauye-sauye ta fito ne daga kadarorin da suka bambanta da na yau. Ribar dala biliyan 30.9 da BHP ya bayyana a shekarar kuɗi ta 2022 ta ƙunshi abin da ya samu daga yarjejeniyar Woodside, wanda ba zai sake samuwa ba.

Rage darajar kadarori. Idan kamfani ya sayi kadara da tsada sannan darajarta ta faɗi, yana rubuta bambancin a matsayin asara. Rio Tinto ya sayi kamfanin alminiyam na Alcan na Kanada a 2007 a kan kimanin dala biliyan 38. A watan Janairu na 2013 ya sanar da rage darajar kadarori ta kimanin dala biliyan 14, yawancinta a sashen alminiyam, shugaban kamfanin Tom Albanese kuma ya sauka. Barrick Gold ya yi asarar fiye da dala biliyan 10 a 2013 bayan faɗuwar farashin zinariya da matsalolin aikin Pascua-Lama. Kamfanoni sukan bayyana wani adadin riba na biyu wanda aka cire irin wannan asara. Masu nazari sun rabu a kan wanda ya kamata a ɗauka. Wasu suna ganin asarar ta lokaci ɗaya ce. Wasu kuma suna cewa sayen kadara da tsada a lokacin bunƙasa ɗabi'a ce da take maimaituwa a wannan sana'a, kuma kuɗin masu hannun jari ne ya salwanta, don haka cire ta yana ƙawata matsakaicin.

Ƙarin hannayen jari. Kamfanin da bashi ya matse shi a lokacin ƙunci yakan sayar da sababbin hannayen jari. Glencore ya yi haka a Satumba na 2015, inda ya tara dala biliyan 2.5 ya kuma dakatar da rabon riba. Ribar gaba za ta rabu ne a tsakanin hannayen jari masu yawa fiye da na baya.

Haɗurra da siyasa. Fashewar madatsar dagwalon mahaƙar Samarco a Mariana ta Burazil a 2015 ta kashe mutum 19, ta Brumadinho a 2019 kuma ta kashe mutum 270. Kamfanin Vale, da BHP a batun Samarco, sun ɗauki nauyin diyya na biliyoyin daloli. Sauyin haraji, soke lasisi da rikici a ƙasar da mahaƙa take su ma ba sa bayyana a ribar baya.

Tsawon zagaye. Shekaru goma ba lallai su cika zagaye guda ba. Wanda ya yi lissafi a 2013 ya ɗauki shekarun da yawancinsu na bunƙasar Sin ne, don haka matsakaicinsa ya fito sama da abin da ya biyo baya. Shi ya sa wasu suke ɗaukar shekaru goma sha biyar ko fiye, ko da yake tsawaitawa tana ƙara matsalar canjin tsarin kamfani.

Akwai kuma suka ga ma'aunin gaba ɗaya. Jeremy Siegel na Makarantar Wharton ya yi bayani a 2016 cewa sauye-sauyen ƙa'idojin asusu sun sa kamfanonin Amurka suna bayyana asara mai girma a lokutan koma-baya fiye da da, abin da yake sa ma'aunin ya fito sama idan aka kwatanta shi da na shekarun baya.

## Hanyoyin da ake haɗawa da shi

Saboda waɗannan dalilai, ana ɗaukar ma'aunin a matsayin matakin farko na tantancewa. Ya fi dacewa da manyan kamfanoni masu mahaƙai da yawa, ma'adinai iri-iri da dogon tarihin riba. Ba ya aiki ga ƙananan kamfanonin bincike da ba su fara sayar da komai ba.

Masu nazari sukan haɗa shi da lissafin darajar kowace mahaƙa, inda ake kimanta kuɗin da za ta samar har zuwa ƙarewarta, a mayar da shi zuwa darajar yau, sannan a cire bashi. Suna kuma duba shekarun da suka rage wa ma'adinin da aka tabbatar, bisa rahotannin da ƙa'idar JORC ta Ostireliya ko NI 43-101 ta Kanada suka tanada, da kuɗin da kamfanin yake kashewa wajen haƙo tan ɗaya idan aka kwatanta da abokan gasarsa, da yawan bashin da ke kansa. Kamfani mai arhar haƙa da ƙarancin bashi shi ne ya fi iya kaiwa ƙarshen shekarun ƙunci ba tare da sayar da kadarori ko ƙara hannayen jari ba, kuma a irinsa ne matsakaicin ribar baya ya fi zama abin dogaro.