Abotar Kalmomi a Ingilishi Wajen Bayanin Tafiya

Gabatarwa

Sanin kowa ne cewa kalmomi ba su zama barkatai a cikin jimla. Kowace kalma tana da abokan da ta saba fitowa tare da su, kuma masu harshe sukan ji baƙunci idan an sauya mata abokiya. Masanin harshe J. R. Firth na Jami'ar London ya jawo hankalin manazarta ga wannan batu tun 1951. A wannan 'yar maƙala za a duba yadda abin yake a Ingilishi wajen bayanin tafiya, sannan a kwatanta da Hausa.

Aikatau da Abin Hawa

Bature yakan ce "get on" idan bas ce, ko jirgin ƙasa, ko jirgin sama, amma "get in" yake cewa idan ƙaramar mota ce ko tasi. Doki da keke "ride" ake yi musu, mota kuwa "drive". Har ila yau akwai "board", wadda asalinta katako ne da gefen jirgin ruwa, amma yau da ita ake shiga jirgin sama. Haka nan "set sail", watau a ɗaga filafilan iska, ana faɗarta har ga jirgi mai inji. Ke nan al'ada ce da tarihi suka ƙulla wannan abota, ba hankali kaɗai ba.

Hausa ta raba nata gida biyu: abin da ake zama a kansa "hawa" ake yi, kamar doki, raƙumi da babur, wanda ake zama a cikinsa kuwa "shiga" ake yi. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, jiragen sama kuma suka fara sauka a 1925, sai Bahaushe ya faɗaɗa tsohuwar kalmarsa ta "jirgi", ta tafi da abokanta.

Tashi da Sauka

Inda Hausa ta wadatu da "tashi", Ingilishi ya rarraba: matafiyi "set off", jirgin sama "take off", jirgin ƙasa "pull out". Daɗin daɗawa, Bature yakan "catch a train", in ya makara kuma ya "miss" shi. A nan fasinja ne mai aikatawa. A Hausa kuwa jirgin ne mai aikatawa, domin cewa ake yi "jirgi ya tafi ya bar shi". Wanda ya fassara "catch a train" da "kama jirgi" ya sa mai sauraro ya zaci hukuma ce ta tsare shi, alhali "kama hanya" Hausa ce tsantsa. Haka kuma "heavy traffic" ba nauyi ba ne, cunkoson motoci ne.

Tasirin Harshen Gida

Saboda haka ne ake jin ɗalibai suna cewa "enter motor" ko "cut ticket", domin a zuciyarsu "shiga mota" da "yankar tikiti" suke nufi, alhali Bature "buy" ko "book" yake yi wa tikiti. Kalmomin duk na Ingilishi ne, amma abotar ta gida ce.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a gane cewa haddace kalmomi ɗai-ɗai daga ƙamus ba ya wadatar da mai koyo, balle mai fassara labarai a gidan rediyo, wanda dubban mutane ke dogaro da shi. Wajibi ne a koyi kowace kalma tare da abokan tafiyarta, a kuma fassara su a dunƙule. Ya kamata mu ɗaliban Hausa mu tattara irin waɗannan kalmomi daga bakin fatake, direbobi da 'yan kamasho, mu jera su kusa da takwarorinsu na Ingilishi, domin amfanin na baya.