Itacen da Ya Koma Dutse

Muciyar da aka sayo a Kasuwar Sabon Gari, in aka yasar da ita, gara ce za ta cinye. Amma bishiyar da laka ko yashin kogi suka binne kafin ta ruɓe, ruwa mai ɗauke da sinadarin silika yakan ratsa ta sannu a hankali har ta koma dutse, zanen jikinta yana nan daram.

Akwai irin waɗannan kututtura a duwatsun Gundumi na jihar Sakkwato da kewayen Ingal a Nijar, sun haura shekara miliyan 100. Na Arizona a Amurka, masu launin ja da rawaya, sun haura miliyan 200. Masar da Namibiya da Girka ma suna da nasu.

Duk wanda ya tsinci guntu kada ya fasa shi, ya kai wa masana duwatsu a jami'a.